Ɗakin da Ya Wuni a Buɗe

Idan mutum ya damƙa maka amanar ƙafarsa, bai ce maka komai a kan ransa ba, sannan aka zo aka ce sai ka zaɓi ɗaya, wacce ce amanar? An kai wannan tambaya zaure fiye da ɗaya a unguwar Birnin Ruwa ta Gusau, ba a taɓa tashi da amsa ba. Ɗahiru masinja ma ba shi da ita a ranar da ƙofar ɗakin tiyata ta buɗe, gab da kiran azahar, a wani asibiti a Kaduna, likita ya leƙo da hannuwansa a ɗage kamar mai shirin kabbara, ya ce, "Ina mai Labbo?"

Ɗahiru ya miƙe. Ba ɗan Labbo ba ne, ba ƙanensa ba ne. Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu, ita ma Labbo ne ya gina ta. Yelwa, matar Labbo, ta sauka daga baranda da butarta, tana tsugune a gindin wani darbejiya tana alwala. Da ya ɗan ɗaga murya, da ta ji shi.

"Malam Ɗahiru, saurara da kyau, ba ni da lokaci," in ji Dakta Idris. "Jijiyar da muka ciro daga ƙafarsa ba ta da kyau. Ta yi siriri, rabinta ma ta toshe. Ba za ta ɗauki jini ba."

"To, yanzu fa, likita?"

"Hanya biyu ce. Ko in yanke ƙafar, in rufe shi, kafin la'asar yana kan gadonsa. Ko in buɗe ɗaya ƙafar, in nemo wata jijiyar, in sake aikin tun daga farko. Wannan zai kai mu magariba, ko ya wuce."

"Wanne ya fi?"

"In ƙafar kake tambaya, na biyu. In tsohon kake tambaya, na farko."

Labbo magini ne, maginin ƙasa. A 'Yandoto aka haife shi, ya shigo Gusau tun jirgin ƙasa yana kwasar gyaɗa, ya zauna. Wanda ya san shi, ƙafafunsa zai fara tunawa: faffaɗan, masu kaushi, dunduniya a tsattsage kamar bakin tafki da rani. Da su yake cuɗa ƙasa da ramno, wato dakakkiyar ciyawa, ya bar ta ta tsima kwana da kwanaki, ya dawo ya sake takawa. In yana ɗora katanga, layi ɗaya yake yi ya sauko, ya kunna tabarsa, ya ce sai ta sha iska. Masu gida su yi ta ƙorafi, shi kuma ya ce, "Ginin gaggawa damina ɗaya yake gani." Ya faɗi maganar nan har yaran unguwa suka mai da ita waƙa.

Da aka ba Zamfara jiha, Gusau ta zama babban birni, sai bulo da siminti suka cika gari. Aikin Labbo ya koma gyaran tsofaffin ɗakuna da yaɓen katanga kafin damina. A shekara ta biyu da samun jihar ne ƙafarsa ta dama ta fara ba shi labari. In ya nufi masallaci, kafin ya kai rabin hanya sha-raɓarsa ta ɗaure kamar an sa igiya. Sai ya tsaya a ƙofar wani gida ya yi sallama, ya tambayi lafiyar iyali har da ta awaki, ya jira zafin ya lafa, ya matsa ƙofa ta gaba. Mutane suka ce Labbo ya tsufa da son zumunci. Yelwa kaɗai ta san cewa ya daina kwanciya a miƙe, a bakin gado yake barci a zaune, ƙafar tana reto, domin a haka ne kawai take ƙyale shi. Daga baya babban yatsan ya yi baƙi ya motse kamar busasshen dabino.

Likitan da ya duba shi a Gusau ya ce ciwon suga ne da taba suka toshe hanyar jini, kuma magani ɗaya ne, a yanke.

"A yanke a kai ina?" in ji Labbo.

"Binnewa ake yi, Baba."

"In raka ta maƙabarta, ko in zauna gida a zo a yi man gaisuwa?" Ya jawo takalminsa ya sa. "Ba a yi man jana'iza biyu."

A cikin kwanakin nan ne wata safiya Ɗahiru ya fito zai tafi sakatariya, cikin kakinsa mai guga da baƙin takalmi yana ƙyalli, ya iske Labbo a lungun bayan gida, dogare da sanda, a gaban tarin ƙasa. Azara biyu ne suka ruɓe a rufin ɗakin Yelwa, daidai inda ruwa yake kwanciya. Tun kafin ƙafar ta tsananta ya sa jakuna suka kawo ƙasar, ya barbaɗa ramno, kullum yana zuba mata ruwa. Takawa ce ta gagara.

"Masinja," in ji Labbo, "cire takalman gwamnati ka shigo ka taka man ƙasar ga."

"Haba Baba Labbo, ni da za ni ofis? In shiga gaban babban sakatare da laka har gwiwa?"

"Cikin ɗakin laka anka haife ka, da laka za a liƙe ka ranar ƙarshe. Mi ne na ƙyama a tsakani?"

"Ka bari in samo maka lebura. Ko ma a buga bulo, a sa kwano, kowa shi huta."

"Kwano. In kwanta cikin gwangwani kamar kifin kanti."

"To ka buɗe rufin mana, ka fara cire azarar. In ƙasa ta samu sai a rufe."

Labbo ya dube shi kamar wanda ya ce a yi salla ba alwala. "Ba a buɗe tsohon ɗaki sai ranar da za a rufe shi."

Ɗan kabu-kabu yana ta danna oda a bakin titi. Ɗahiru ya yi dariya, ya tsallake kwatar da ruwan ƙasar ya yi, ya wuce. Maganar ba ta bi shi ba.

Shi ne kuma ya kawo labarin Kaduna. A ofis ya ji wani akawu yana cewa akwai likitan da ya dawo daga waje, wanda yake yi wa jini sabuwar hanya ba tare da an yanke ƙafa ba. Labbo bai yi shawara da kowa ba, ya aika 'Yandoto aka sayar da gonarsa ta gado. Ba shi da ɗa namiji a raye, ɗiyarsa ɗaya ce, Hussaina, tana aure a Bunguɗu, ga ta da tsohon ciki. Saboda haka Ɗahiru ne ya nemi hutu ya raka su, tunda yana jin Turanci, ya kuma san yadda ake tsayawa a gaban tebur.

Ana gobe aiki, Dakta Idris ya zauna a bakin gadon Labbo ya yi masa bayani da Hausa mai sauƙi.

"Baba, ka san in gada ta karye, yadda ake yi wa motoci ratse ta gefe? Haka za mu yi. Za mu ciro wata jijiya daga ƙafarka, mu ɗinka ta sama da inda ya toshe, mu ɗinka ta ƙasa da shi, jini ya bi ta nan ya isa tafin ƙafa."

"Kwana nawa aikin?"

"Ba kwana ba ne. Daga hantsi zuwa azahar, kuma ba na so ya wuce haka. Zuciyarka ta gaji, ƙodarka ma ta gaji. Duk daɗewar da mutum ya yi a buɗe, jini na zuba, jiki na sanyi, ciwo na shan iska. Saurayi zai jure. Kai ba saurayi ba ne."

"Tambayi Yelwa," in ji Labbo.

Yelwa ta ja mayafi ta rufe baki. Har likitan sai da ya yi murmushi.

Da safe, ana shirin tura shi, Labbo ya kama wuyan hannun Ɗahiru. Hannun magini ne, har a lokacin riƙonsa da zafi.

"Masinja, amana. Da biyu na shiga, da biyu za ni fito. In na farka na laluba ban ji ta ba, ban yafe maka ba, duniya da lahira."

"Malam, ka bar irin wagga magana," in ji Yelwa.

Bai ko dube ta ba. Idonsa yana kan Ɗahiru har sai da ya ce, "Na ɗauka."

Wannan kalma ce take tsaye tsakaninsa da likita a bakin ƙofar tiyata.

"Ba za a tashe shi a tambaye shi ba?" in ji Ɗahiru.

"In na tashe shi, dole in sake sa shi barci gobe ko jibi, domin ruɓar tana hawa. Zuciyar nan ba za ta ɗauki barci biyu ba. Yanzu za a yanke shawara."

Ɗahiru ya waiwaya. Yelwa ta kai ga wanke ƙafa, tana cuɗa tsakanin yatsu a natse. Ya san abin da za ta ce in ya kira ta, ya san shi kamar yadda ya san sunansa. Saboda ya sani ne bai kira ta ba. Sai ya tuna katangar da ke tsakanin gidajensu, wadda Labbo ya yi wata guda yana ɗorawa, shi kuma yana mita kullum, ga ta nan har yau ko tsagewa ba ta yi ba, alhali katangar bulon maƙwabcinsu ta kwanta a damina ta uku. Zuciyarsa ta kama wannan ta riƙe, kamar yadda mai nutsewa yake kama kara.

"Likita, ka yi a hankali. Ka yi mashi aiki mai kyau. Shi mutum ne da ba ya son gaggawa."

Likitan ya dube shi ta saman ƙyallen da ya rufe hancinsa. "Ka ji abin da na faɗa jiya game da daɗewa?"

"Na ji."

"Ka ce a ci gaba ke nan."

"A ci gaba."

Ƙofar ta rufe. Yelwa ta hau baranda tana yarfe ruwan hannunta.

"Mi yac ce, Malam Ɗahiru?"

"Ya ce aiki na tafiya. Sai dai zai ɗan daɗe."

"Alhamdu lillahi. Gara su daɗe. Malam ya tsani aikin sauri." Ta shimfiɗa ɗankwalin salla, ta tayar.

Aka yi azahar. Inuwar darbejiya ta juya ta hau bango. Aka yi la'asar. Wata ma'aikaciyar jinya ta fito da sauri ta ce ana neman jini, Ɗahiru ya bi ta aka ɗibi nasa, ya dawo da auduga a gwiwar hannu, ya zauna nesa da Yelwa. Ta dama fura ta miƙo masa, ya karɓa ya ajiye a gefe, ƙudaje suka same ta. Masu jinya da suka zo bayansu aka shiga da nasu ta wata ƙofar, aka fito da su, suka tafi. Mai shara ta zo ta ce su ɗaga ƙafa. Yelwa ta daina cewa alhamdu lillahi da ƙarfi, sai dai carbi yana tafiya a hannunta. Aka kira magariba, ƙofar ba ta buɗe ba. Sai da aka idar, jemagu suka cika sama, sannan aka turo shi.

Fuskarsa ta koma kalar toka. Ɗahiru ya taɓa goshinsa, ya ji shi kamar gefen randa. Amma a ƙarƙashin mayafin asibiti tudu biyu ne, dogaye, a naɗe.

Kashegari Dakta Idris ya kama yatsan Ɗahiru ya ɗora a bayan tafin ƙafar Labbo ta dama, ya danna kaɗan.

"Ka ji?"

Wani abu yana bugawa a hankali a ƙarƙashin fatar, kamar ɗan tsako a cikin ƙwai. Ƙafar da ta yi watanni a sanyaye ta yi ɗumi.

"Jini ya isa," in ji likitan. Amma ba ƙafar yake kallo ba. Ya durƙusa yana duban wata jakar roba da aka rataye a gindin gado, wadda fitsari ya kamata ya taru a cikinta. Abin da ke ciki bai cika cokali ba, kuma launinsa ja ne mai duhu kamar ruwan makuba.

Kwanakin da suka biyo baya, jakar nan ce Ɗahiru yake fara dubawa in ya shigo. Ba ta cika ba. Fuskar Labbo ta kumbura har idanunsa suka shige. Ɗinkin da ke matsematsinsa ya fara ruwa, ya fara wari, zazzaɓi ya zauna. Numfashi ya koma kamar ana jan guga daga rijiya mai zurfi. Yana sambatu, yana kiran sunayen mutanen da suka daɗe da mutuwa su miƙo masa tubali. Ƙafar kuwa kullum ƙara kyau take yi.

Likitan ya kira Ɗahiru waje, bai yi kwana-kwana ba. "Ƙoda ta tsaya, ciwo kuma ya shiga jini. Mun yi abin da muke da shi. Akwai na'urar wanke jini a wani gari, amma ba zai kai can ba, ko ya kai zuciyar ba za ta jure ba."

"Ƙafar fa?"

"Ƙafar ta rayu," in ji likitan, ya murza idanunsa da bayan hannu.

Wata safiya zazzaɓin ya sauka, Labbo ya buɗe ido tangaran kamar ba shi ba. Ya tura hannu ƙarƙashin mayafi yana lalube.

"Ɗaya," ya ce. Ya ƙara miƙa hannu. "Biyu. Masinja, ashe kai ɗan halak ne."

Ya aiki Yelwa ta nemo masa kunu mai zafi a bakin asibiti. Da ta fita, ya juyo da kai.

"Yaushe sunka rufe ni?"

"Bayan magariba."

"Tun hantsi?"

Ɗahiru ya sunkuyar da kai.

"Wuni guda a buɗe," in ji Labbo, yana kallon silin. "Yaron ga ya ce azahar. Mi ya hana shi?"

Ɗahiru ya gaya masa duka, jijiyar da ta ƙi, da hanya biyun, da tsayuwar bakin ƙofa.

"Kai kuma kac ce mi?"

"Na ce shi yi a hankali. Na ce kai ba ka son gaggawa."

Labbo ya fara dariya, dariyar ta zama tari, tarin ya daɗe. Ɗahiru ya tallafo kansa ya goge masa baki.

"Rabin karatu ka ɗauka, Masinja. Wancan na sabon gini ne. Tsohon ɗaki in ka ɗaye rufinsa, gudu kake yi, ko ruwa ba ka tsayawa sha. Bangon da ya shekara sittin bai ga rana ba, in ya wuni yana shan iska, ko ka rufe shi ya riga ya saki. Na gaya maka wannan, kana sauri za ka ofis."

"Da na ce a yanke ke nan."

"Da yanzu ina bin ka da sanda, da ƙafa ɗaya, har ofishinku, ina tsine maka gaban babban sakatare."

"Da kana da rai."

"Awo. Da rai, ina tsine maka."

A gadon da ke kusa wani yana nishi yana kiran uwarsa.

"Baba Labbo, wanne ya kamata in yi?"

"Ni magini ne, ba alƙali ba." Ya lumshe ido. "Kai ni gida. Ban son in mutu ƙarƙashin kwano."

Ana wahalar mai a shekarar, sai da Ɗahiru ya yi yawo kafin ya sami direban fijo da ya yarda ya yi shata zuwa Gusau. Aka kwantar da Labbo a kujerar baya, kansa a cinyar Yelwa, ƙafafunsa a cinyar Ɗahiru. Bazara ce, iskar da ke shigowa ta taga kamar daga bakin murhu. Suka wuce Zariya, suka wuce Funtuwa, layin motoci a kowane gidan mai kamar an yi mutuwa. Ɗahiru ya ɗora yatsansa a inda likita ya koya masa, bai ɗauke ba. Abin yana bugawa, ya yi kamar ya tsaya, ya sake bugawa.

A Tsafe masu talla suka yanyame motar, suna turo farantai ta taga, da suka ga wanda ke kwance sai suka ja da baya. Labbo ya buɗe ido.

"Ina muke?"

"Tsafe, Malam," in ji Yelwa.

"In mun kai 'Yandoto ki ɗaga ni."

Da suka kai, direba ya rage gudu, Yelwa ta tallafo shi. Gonaki ne a share, an zuba taki tsibi-tsibi, ana jiran ruwa. Ya daɗe yana kallo. Ko ya gane wadda ta kasance tasa, bai faɗa ba.

"Hadari na haɗuwa gabas," ya ce. "Ɗakinki, Yelwa."

"Bar zancen ɗaki, Malam."

Ta mai da shi ya kwanta. Ta fara karanta masa kalmar shahada a kunne, leɓensa yana bi. Dutsen Kwatarkwashi ya fara bayyana a gabansu, baƙi, shirim, sai Ɗahiru ya ji abin da ke ƙarƙashin yatsansa ya buga sau ɗaya, a raunane. Ya jira na gaba. Ya matsar da yatsan, ya danna, ya sake matsarwa. Ƙafar tana nan da ɗuminta.

"Inna," ya ce.

"Na sani," in ji Yelwa. Ta shafa idanun mijinta, ta ja mayafinta ta rufe masa fuska. Direba ya sauka gefen titi, ya kashe mota, ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Wata babbar mota ta wuce su, iskarta ta girgiza fijon.

Kafin magariba aka kai shi. Mai wanka, da ya fito yana goge hannu, ya ce wa mutanen zaure, "An kai shi cikakke, yadda ya so." Labarin abin da ya faru a bakin ƙofar tiyata bai daɗe ba ya zagaya, domin Ɗahiru ya gaya wa liman a hanyar maƙabarta. Wasu suka riƙa kama hannunsa suna cewa Allah ya saka, ya riƙe amana. Wasu kuma suka gaishe shi a taƙaice, suka kau da kai. A bakin kabari, da aka jera itace aka ce a kwaɓa ƙasar liƙewa, samari suka shiga. Ɗahiru yana tsaye a baya cikin takalmansa.

Ranar sadakar uku, bayan mutane sun ragu, Hussaina ta fito zaure da jaririnta a kafaɗa, wanda ta haifa lokacin da iyayenta suke Kaduna, ta ce, "Baba Ɗahiru, Inna na kira."

Ya tsaya a ƙofar ɗakin, labule a sake. Daga inda yake yana ganin yadda rufin ya lotsa a kusurwa, da tasar da aka ajiye a ƙasa tun bara don tarar ɗiga.

"Malam Ɗahiru," muryar Yelwa ta fito daga ciki, ba kuka a cikinta. "Ranar da likita ya leƙo, ina alwala, na gan ku. Ya daɗe yana magana. Kai kuma guntuwa ka kawo man. Sauran na ji ta jiya, a bakin matan da sunka zo gaisuwa."

"Haka ne, Inna."

"Ina nan kusa. Ba ka kira ni ba."

"Na san abin da za ki ce."

"Shi ya sa."

"Amana ya ɗora man, Inna. A gabanki."

"Kai ya ba ka amanar ƙafa. Sauran fa? Shekara arba'in ina riƙe da sauran, ba wanda ya ba ni, ba wanda ya tambaye ni." Aka ji ƙarar carbi. "Ni ba ƙafa na aura ba. Da ka kira ni, in ce a yanke, shi tashi shi tsine man. Na saba da bakinsa. Da yanzu yana zaune nan ƙofa yana zagin ƙudaje, ya ga jikansa."

"Inna, ya isa," in ji Hussaina. "Kwana ne ya ƙare."

"Na san kwana ya ƙare. Ba da Allah nake ba."

Ɗahiru ya ce, "Ruwa ya kusa. Zan sa a buga bulo a tayar da bangon, a sa maki kwano kafin mako."

"Ba ni son bulonka, ba ni son kwanonka. Ƙasar da ya tara tana nan bayan gida."

Labulen bai motsa ba. Ɗahiru ya juya ya fita.

Da yamma ya je ya sami Sabiru, wanda ya koyi gini a hannun Labbo, yanzu kuma yake ɗora bulo a gidajen ma'aikata. Sabiru ya ce zai zo ranar Asabar da mutum biyu, su buɗe da sassafe su rufe kafin rana ta faɗi, amma sai in ya iske ƙasa a take, ta tsima. Ya ce shi ba shi da lokacin takawa, leburori kuma duk sun tafi sharar gona.

Washegari Ɗahiru ya fito cikin kakinsa. Gabas ta yi duhu, iska tana kawo ƙanshin ruwan da aka yi a wani wuri. Ɗan kabu-kabu yana jiransa a bakin titi. Ya bi ta lungu kamar kullum, sai ya tsaya.

Tarin ƙasar yana nan, samansa ya bushe ya tsattsage, tsinken ramno sun fito kamar furfura. An ajiye tulu cike da ruwa a gefensa, bakinsa a jiƙe, ba a daɗe da kawo shi ba. A gefen tarin kuma akwai sawu ɗaya da ya bushe a cikin laka, faffaɗa, mai zurfi, na ƙafar hagu. Kusa da shi ramukan gindin sanda ne, da yawa, a warwatse, da wani wuri mai faɗi inda gwiwa da tafin hannu suka dafa. Ɗahiru bai san ranar da tsohon ya gwada ba. Ba wanda ya gani.

Ɗan kabu-kabu ya danna oda. Ɗahiru ya ɗaga masa hannu ya sallame shi.

Ya ɗauki tulun ya karkata. Ruwa ya bi tsagogin ƙasar yana ƙara, ya gangara ya cika sawun har baki, hadarin gabas ya kwanta a cikinsa. Sannan gefen dunduniyar ya fara narkewa. Ɗahiru ya kwance igiyar takalmansa, ya jera su a gindin katanga, ya tura safa a ciki. Ya naɗe wandonsa zuwa gwiwa, ya shiga. Ƙasar ta fi yadda ya zata sanyi.